Yadda Dokta Ya Haɗiye Kwas Ɗina

Jama'a, yau kam ku yi haƙuri da ni, ban zo da dariya ba. Masu damuna da saƙo kuna cewa, "Auta, yaushe za mu sha biki?" to ku gyara zama ku ji irin bikin da aka shirya mini.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce autar Umma, kuma ƙaramar malama a sashen lafiyar muhalli na jami'a. Ƙaramar ma ta gwaji, wadda ba a tabbatar da ita ba tukuna. Kwas ɗaya tal nake koyarwa, na gwajin ruwan sha, ga 'yan aji biyu. Dokar kuwa a fili take: wanda aka ɗauka na gwaji, in shekara ta ƙare ba shi da kwas a hannu, sai a yi masa godiya a sallame shi. Kun ga ke nan wannan kwas shi ne aikin nawa gaba ɗaya. In ya tafi, na tafi.

Shi kuma Dokta babban malami ne a sashenmu, shi ke neman aurena. Dogo ne, mai sanyin murya, kwat ɗinsa kullum kamar yanzu aka sauke ta daga guga, turarensa kuwa yakan riga shi shiga ofis. Umma ta ɗauke shi ta ɗora a ka. In ya zo gida, kofunan nan masu bakin zinariya da ke cikin kabad, waɗanda ko ƙura muka goge musu sai an yi mana kashedi, su ake fito masa da su.

"Ke dai Allah ya yi miki gyaɗar dogo," haka take ce mini kullum. "Yayyenki duk suna ɗakinsu, ke kin tsaya wasa da kwalabe. Ga mutum har mutum ya zo, ki kama shi hannu bibbiyu."

Ni ma ai ina son sa, ba zan yi muku ƙarya ba. Sau ɗaya muka taɓa saɓawa, ranar da ya ce in an yi aure in ajiye aiki. Na ce masa a'a, ban yi wahalar karatu don in rataye takarda a bango ba. Ya yi murmushi ya ce, "Shi ke nan, Autata, yadda kike so haka za a yi." Ni kuma sakarya, sai na ji ya ƙara shiga raina.

To ana haka sai Farfesa, shugabar sashenmu, ta tara mu. Mace ce gajera mai tabarau a kan hanci, ba ta dariya sai da dalili. Ta ce kowane malami ya sake rubuta sakamakon koyo na kwas ɗinsa, wato 'yan layukan nan da ke faɗin abin da ɗalibi zai iya yi da kansa in ya gama kwas.

"Kuma kada wanda ya kawo mini 'ɗalibi zai sani' ko 'ɗalibi zai fahimta'," ta ce tana buga biro a tebur. "Fahimta a cikin kai take, ni kuwa ba na iya leƙa kan yaro. Ku rubuta mini abin da ido zai gani, abin da za a iya ba wa maki. In ba ku san yadda za ku jarraba shi ba, to ba ku rubuta komai ba."

Manyan malamai suka fita suna gunaguni, wai shekara da shekaru suna koyarwa ba wanda ya tambaye su wannan. Ni kuwa daɗi ya kashe ni. Ban zauna a ofis na rubuta nawa ba. Farar rigata na zura na shiga ɗakin gwaji, na tsaya a bayan ɗalibaina ina kallon hannuwansu. Duk inda na ga hannu ya yi kuskure, nan na san akwai abin da ya kamata in rubuta. Wata yarinya ta ɗebo ruwa ta dangwala yatsa a bakin kwalba, duk gwajin ya lalace. Wani ya sami amsa daidai, amma da na ce, "To a sha ko kada a sha?" sai ya hau sosa ƙeya. Daga nan na fitar da nawa:

A ƙarshen kwas, ɗalibi zai iya ɗebo ruwa daga rijiya ko famfo ba tare da yatsansa ya taɓa bakin kwalba ba. Zai iya gwada ruwan ya yanke hukunci, a sha ko kada a sha, ya kuma kawo hujjarsa. Zai iya rubuta rahoton shafi ɗaya wanda mai rijiyar zai karanta ya gane.

Na karanta su na sake karantawa kamar wasiƙar masoyi. Har Umma na karanta wa tana yanka albasa, ta ce, "Allah ya yi albarka," ba tare da ta ɗago ba.

Ranar Asabar da hantsi ina zaune a tsakar ɗaki ina ninke wanki, wayata ta yi ƙara. Dokta ne.

"Ranki ya daɗe, malamar malamai. Bawanki ya shiga uku."

"Subhanallahi, me ya faru?"

"Farfesa ta maido mini da nawa. Jan biro ko'ina, kamar an yanka kaza a kai."

Na ce ya turo in gani. Ya turo. Jama'a, sai da na kwanta a kan wankin don dariya. "Ɗalibi zai san illolin gurɓataccen muhalli. Ɗalibi zai fahimci muhimmancin tsafta. Ɗalibi zai yaba da rawar da jami'in lafiya ke takawa."

Na rubuta masa: "Zai yaba? Ranar jarrabawa tafi zai yi maka ka ba shi maki?"

"Ki ci gaba da yi mini dariya. Allah ya kawo ranar da za ki nemi taimakona."

"Yi haƙuri. Tambaya biyu kawai za ka yi wa kowane layi. Me yaron zai yi da hannunsa ko bakinsa? Kai kuma ta yaya za ka gane ya yi?"

"Turo mini naki in ga misali, kaina ya toshe."

Na tura. Ko ɗar ban ji ba. Mutumin da za ka haɗa rayuwa da shi, layi uku za ka hana shi? Amma na bi shi da saƙon murya, na ce, "Dokta, gani kawai fa. Naka na 'yan aji uku ne, dole ya hau sama da nawa. Nawa suna ɗebowa suna gwadawa, naka su tsara, su kwatanta, su kare ra'ayinsu."

Sai ga kiransa. Muka raba yini a waya, wankin nan har ya yamutse a ƙarƙashina. Da bakina na tsara masa nasa, layi bayan layi, yana rubutawa: ɗalibi zai iya tsara yadda za a binciki ɓarkewar cuta a unguwa, zai iya kwatanta hanyoyin zubar da shara ya zaɓi ɗaya ya kare zaɓinsa. Masu kyau, wallahi har sun so su fi nawa. Umma ta leƙo ta gan ni da waya a kunne ina ta zuba, ta koma tana murmushi.

Da muka gama ya ce, "Autata, in babu ke ina zan sa kaina?"

Kun ji fa. Ashe kura na ba ajiyar nama, har ina tambayarta ko ya ishe ta.

Yau da safe ne kwamitin manhaja ya zauna duba aikin kowa. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan maɓallai a hannu, da mayafi baƙi, da takalmin nan mai ɗan tudu da ke cizon ɗan yatsana amma yake sa in ji ni ma wata ce. Na shafa hoda kaɗan. A raina ina cewa yau Farfesa za ta san ba a banza aka ɗauke ni ba.

Ɗakin taron dogon tebur ne da kujeru masu yagaggen soso, fanka na juyawa tana kuka kamar za ta faɗo. Dokta yana cikin 'yan kwamiti, yana zaune a hannun daman Farfesa da kwat shuɗiya. Na yi masa murmushi, sai ya sunkuya yana gyara agogo. Na ce a raina, kunya ce, ba ya son a ga ya nuna bambanci.

Da aka zo kaina, Farfesa ta miƙe. Ta kunna majigi, shafi biyu suka fito a bango gefe da gefe. Na hagu nawa. Na dama na Dokta.

Na fara karanta na dama. Ga waɗanda na tsara masa a waya, suna nan daram. Sai a ƙasansu na ga an ƙara wasu uku. Ɗalibi zai iya ɗebo ruwa daga rijiya ko famfo ba tare da yatsansa ya taɓa bakin kwalba ba.

Na ƙifta ido na sake dubawa. Har waƙafi bai canza ba.

"Malama," Farfesa ta ce tana kallona ta saman tabarau, "wataƙila ba ki sani ba, amma 'yan kwamiti sun sani. Kwas biyu ba sa ɗaukar sakamako iri ɗaya. In suka haɗu, ƙaramin ya zama maimaici, sai a narkar da shi cikin babban. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, kalma ba ta yin kama da kalma haka kawai. Ɗayanku ya kwafi ɗaya."

Na juya na kalli Dokta. Wallahi har lokacin ina jiran ya ce kuskure ne, wajen haɗa takarda ne ya manta bai goge misalin ba. Da ya faɗi haka, da ni zan fara kare shi.

Ya yi gyaran murya, ya haɗa yatsunsa a kan tebur.

"Farfesa, ina roƙon a yi mata uzuri," ya ce da muryar nan tasa mai sanyi. "Yarinya ce, yanzu ta fara. Ni na ba ta nawa ta duba don ta koyi yadda ake rubutawa. Ban zaci za ta ɗauka kai tsaye ba. Laifina ne, kada a hukunta ta. A haɗa kwas ɗin kawai, zan ɗauki nauyin ɗaliban."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kun taɓa jin kunnuwanku sun toshe alhali ana magana a gabanku? Fankar nan ma na daina jin kukanta. Ni ce yarinyar. Ni ce mai kwafa. Shi kuma mai alheri, har da roƙa mini afuwa.

Wani tsohon malami a ƙarshen tebur ya yi dariya ya ce, "Ai duk tafiyar ɗaya ce, gida ɗaya za su. Kwas ɗin miji ai na mata ne." Wasu suka taya shi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Za ku ce me ya hana ni magana. Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Ta ina zan fara? In miƙe a gaban iyayen gidana in ce mutumin da kowa ya san zai aure ni maƙaryaci ne? Hawaye kawai na ji suna taruwa, na danne su da ƙyar don kada a ce ga shi nan, kukan marar gaskiya.

Farfesa ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta kashe majigin.

"Kafin a tashi daga aiki zan sa hannu," ta ce. "In na sa, ya wuce. In kina da magana, Malama, kina da lambata."

Ban san yadda na fito ba. Na shiga ɗakin gwaji na rufe ƙofa, na zauna a kan doguwar kujera tsakanin kwalabena na yi kuka mai isata. Na kira shi, bai ɗaga ba. Na tura masa, "Me na yi maka?" Ya karanta, alamar ta nuna, amma shiru. Can na wanke fuska na ce bari in tafi wurin uwata. Duk duniya in ta juya maka baya, ai akwai cinyar da za ka kwantar da kai.

Ina shawo kwanar layinmu da la'asar sai na hango motarsa a ƙofar gida.

Ya riga ni.

Na shiga falo na tarar da shi a kan babbar kujera, ya cire kwat ya rataye a hannunta, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ga kofi mai bakin zinariya a gabansa, shayi na tururi, ga faranti cike da biskit. Umma na gefe da sabon mayafinta mai ruwan ƙwai, wanda ba ta sawa sai za ta unguwa.

"Ga ta nan ma," Umma ta ce. "Ke ba kya sallama ne? Zo ki gaishe shi."

Ban cire takalmi ba. Jakata ma tana kafaɗa.

"Dokta, wa ya rubuta layukan nan?"

"Autata, zauna mu yi magana a hankali."

"Kada ka ƙara ce mini Autarka. Wa ya rubuta su?"

"Ke!" Umma ta daka mini tsawa. "Wane irin rashin kunya ne wannan?"

Ya ɗaga mata hannu cikin ladabi. "Ƙyale ta, Umma, ranta ne a ɓace." Ya juyo gare ni. "Ke kika rubuta. To sai me? Ai a cikin gida muke, ba wanda ya musa."

"A cikin gida! A gaban kwamiti fa? Ka san dokar, ni ban sani ba. Na ba ka naka masu kyau, ba ka rasa komai ba. Ka zauna da hankalinka ka ɗauki nawa ka liƙa a ƙasa don a kashe kwas ɗina. Ka kira ni mai kwafa a gaban mutanen da nake jin kunya."

"Na ce a yi miki afuwa, ba ki ji ba? Ba wanda zai rubuta miki laifi. Shekara za ta ƙare, ki fita da mutuncinki, shi ke nan." Ya kurɓi shayi. Wallahi ya kurɓi shayi. "Ki duba mana. Miji da mata a sashe ɗaya, a taro ki ce, in ce? Kullum kina gindin rijiyoyin mutane da samarin aji biyu a bayanki? Na roƙe ki da lalama kin ƙi. Wata rana za ki gode mini."

"Ka ce yadda nake so haka za a yi."

"Na faɗa don a zauna lafiya."

Na juya wurin Umma. "Umma, kin ji fa da kunnenki. Kin ji abin da ya yi mini. Aikina ya raba ni da shi, ya ɓata mini suna, ya zo yana shan shayi a falonki."

Na zaci za ta miƙe. Na zaci za ta ce ya tashi ya bar mata gida. Umman da ke goge mini farar riga da hannunta, wadda ranar da aka ɗauke ni aiki ta kira 'yan uwa kaf tana kukan daɗi.

Ba ta miƙe ba. Gefen mayafinta take murzawa, idonta a kan kafet.

"Ni na ce masa ya san yadda zai yi," ta ce.

"Na'am?"

"Ni na roƙe shi." Ta ɗago, idanunta sun yi ja. "Ya zo ya same ni ya ce in kin dage sai kin yi aikin nan, shi zai haƙura ya janye. Ya janye, Auta! In ce wa mutane me? Na gaji da amsa tambaya a kanki, duk inda na shiga sai an ce har yanzu? Ni ba yarinya ba ce, ciwon da nake fama da shi kullum gaba yake yi. So nake in ga kin zauna kafin in rufe ido. Aiki ai ana samun wani. Na ce masa tunda ba kya jin magana, ya bi ta inda ba sai an yi rigima ba."

Ashe da ɗan gari akan ci gari. Ranar Asabar ɗin nan da ta leƙo tana murmushi, ta san abin da ake dafawa. Na Dokta ya yi mini zafi, amma wannan shi ya karya ni. Na dafa bayan kujera.

Na kalli agogon bango. Saura ƙiris a tashi daga aiki.

Na zuge jaka na ciro waya.

"Me za ki yi?" Dokta ya sauke ƙafarsa. Karon farko ke nan da na ga murmushin ya bar fuskarsa. "Auta, ki yi tunani. In kika faɗa, ni za a tuhuma. Girmana, sunana, komai. Kuma kin san maganarmu ta ƙare ke nan."

Na lalubo lambar Farfesa na danna. Ta fara ƙara.

Umma ta miƙe tsaye, mayafin ya zame mata zuwa kafaɗa. "Auta, kashe wayar nan. Ni na haife ki, na ce ki kashe. In kika tona masa asiri, ni kika tona wa. Kada ki ƙara kirana uwa."

Hawaye na zuba har cikin bakina. Ina kallon matar da ban taɓa tsallake maganarta ba tunda na yi wayo. Yatsana na kan jan maɓalli, wallahi saura kaɗan in danna.

Sai aka ɗaga.

"Biro na hannuna, Malama," muryar Farfesa ta fito sarai har su ma suna ji. "Ina jin ki."

Na kai wayar kunnena.

"Farfesa, kada ki sa hannu. Ni na rubuta su. Nawa da nasa, duka ni na rubuta."

Farfesa ta fara magana, amma ban ji ko kalma ɗaya ba. Umma nake kallo. Ta ja mayafinta ta rufe kai, ta bi ta gabana kamar ba ta taɓa ganina ba, ta shige ɗakinta. Ina tsaye da waya a kunne na ji ta tura ƙofa, ta zura sakata.